Hukuncin kama tsohon gida haya a Makka, a gyara shi a zuba 'yan haya

TAMBAYA:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Ni mazaunin Makka ne da igama (takardar izinin zama), na ɗan tara kuɗi wajen riyal 60,000. Akwai wani tsohon gida a wajen Shara Mansur na wani Balarabe, yace zai bani haya riyal 40,000 a shekara, gidan ya lalace sosai, ni kuma ina so in gyara da kuɗina in raba shi ɗaki ɗaki in zuba 'yan haya, in musim, wato lokacin aikin hajji, ya zo in saka alhazai. Wani yace min ai haramun ne cin hayar gidajen Makka, wani kuma yace in sa sunan ɗan ƙasa a takarda kawai in huta. Malam mene ne hukunci, kuma wace shawara za ka bani?

AMSA:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya yi wa dukiyarka albarka. Asalin abinda kake so kayi halal ne, amma da sharuɗɗa, kuma galibin mutanenmu wajen sharuɗɗan nan suke faɗawa rami.

Wanda yace maka haramun ne cin hayar gidajen Makka ba da ka yayi maganar ba, tsohon saɓani ne. An ruwaito hani ko karhanci daga Abu Hanifa da Malik da Ahmad, suna kafa hujja da aya ta 25 a Suratul Hajji inda Allah yace mazaunin wurin da baƙo daidai suke a cikinsa. Imamu Shafi'i kuma ya halatta, har sunyi munazara da Ishaƙ bin Rahawaihi akan wannan mas'alar, hujjarsa hadisin da ke cikin Buhari da aka tambayi Annabi (SAW) inda zai sauka a Makka sai yace shin Aƙilu ya bar mana wani gida? wato Aƙilu ya gaji gidajen kuma ya sayar, Annabi bai warware cinikin ba. Sannan Sayyidina Umar ya sayi gidan Safwanu bin Umayya da dirhami 4,000 ya maida shi kurkuku. Abinda ake saye a sayar toh ana bada shi haya. Wannan shine abinda na rinjayar, kuma akansa aikin musulmi ya gudana har yau. Ayar tana magana ne akan masallaci da wuraren ibada irin su Mina da Arfa.

Sai mas'ala ta biyu wadda baka tambaya ba amma tafi shafarka, kai ba mai gida bane, ɗan haya ne da zai bada haya. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila sun halatta ka bada hayar abinda ka kama haya koda da kuɗin da yafi wanda ka biya, tunda amfanin gidan ya zama mallakinka na tsawon wa'adin. Hanafiyya sukace ƙarin baya yi maka daɗin ci sai in ka ƙara wani abu a gidan na gyara, toh kaga kai da zaka narka 60,000 a ciki ka fita daga saɓanin gaba ɗaya. Amma fa a dokar ƙasar nan ta mu'amalat da aka fitar a 2023 ɗan haya baya bada haya sai da izinin mai gida. Dan haka kada ka yarda da "ma fi mushkila" (ba matsala) ta fatar baki, a rubuta izinin a cikin aƙadi, wato takardar yarjejeniyar haya, a shigar da aƙadin a Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya, domin aƙadin da ba'a shigar ba wuyar bin haƙƙi gareshi in rigima ta tashi.

Zancen sa sunan ɗan ƙasa alhali kai ne mai kuɗi da juya harka, shine ake kira tasattur, kuma ban halatta maka shi ba. Ƙarya ce a rubuce, saɓa wa hukuma ce a abinda ba saɓon Allah ba, kuma jefa dukiya ne a halaka. Dokar 2020 ta tanadi ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 5. Ko hukuma bata kama ka ba, ranar da mai sunan ya rasu magadansa takarda suka sani basu sanka ba, wallahi abin yana min ciwo ganin dattijo ya shekara da shekaru yana wahala a ƙasar nan ya tashi da hannu biyu sabida amanar da ba'a rubuta ba. Ka je maktabin aƙar, wato ofishin dillancin gidaje, mai lasisi ko wajen lauya ka tambaya ko igamarka ta baka damar wannan harkar da sunanka, in bata baka ba ka haƙura ka nemi wata hanya, ko ka kai kuɗin gida Najeriya ko Nijar ka gyara gida a can da sunanka.

Yanzu gyaran. Nan nake so ka nutsu dani sosai.

Asali gyaran abinda gida baya zaunuwa sai dashi, rufi, bututun ruwa, wayoyin cikin bango, tankin ƙasa, akan mai gida yake. In kai zaka yi toh dole ku fayyace matsayin kuɗin tun kafin a kafa ƙusa: za'a cire daga haya ne, ko bashi ne akan mai gida, ko ka yafe a madadin ragin da yayi maka? Malamanmu na Malikiyya sun halatta a sharɗanta gyara daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba, Shehu Halilu ya ambace shi a Muhtasar. Abinda baya halatta shine ace "ka gyara duk abinda ya lalace" akan haya ba tare da an san iyakarsa ba, don kuɗin haya ya zama majhuli kenan, ba'a san adadinsa ba, garari wato rashin tabbas a ciniki ya shigo. Ku kira mai aikin famfo da mai wuta su zagaya gidan, a rubuta aiki da ƙiyasin kuɗinsa, a ɗauki hoto kafin da bayan aiki, ka adana duk wata fatura, wato rasit.

Kuma kada ka kama gidan shekara ɗaya ka zuba masa 60,000. Yi lissafi da alƙaluman da ka bani, in aƙadin shekara 5 ne gyaran ya kama 12,000 duk shekara, haɗa da 40,000 ya zama 52,000 kafin ka ga riyal ɗaya na riba, ban da wuta da ruwa da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ɗin da zai mutu tsakiyar zafi, sannan kada ka lissafa wata 12 cif, ka ɗauka ɗakuna zasu zauna ba kowa wata ɗaya ko biyu kuma wani zai gaza biya. In bayan wannan akwai abinda ya saura toh bismillah. In shekara ɗaya ce kawai, gyara wa mai gida kayi, baɗi ya ƙara maka kuɗi ko yace ɗansa zaiyi aure.

Ka bincika ko unguwar tana cikin waɗanda za'a rushe. Mutanenmu na Jidda sun ga abinda ya faru daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 a Gulail da Karantina da Sabil da sauransu, diyya mai mallaka ake baiwa, ɗan hayar da yayi gyara bashi da komai sai abinda ya rubuta. Toh a saka sharaɗi cewa in rusau yazo ko mai gida ya sayar kafin wa'adi zai mayar maka da ragowar kuɗin gyaranka gwargwadon shekarun da suka rage. Wannan sharaɗi ne ingantacce, musulmi suna kan sharuɗɗansu kamar yadda yazo a hadisi.

Wajen aikin kansa ka fara da abinda ido baya gani. Mutane sukan ruga wajen fenti da tayil don sune ke jawo ɗan haya, su bar tsohuwar waya wadda aka ja don ɗakuna uku tana ɗaukar mukayyif takwas. Wanda ya shafe bangon da yake tsatsafar ruwa da fenti ya nuna wa ɗan haya kamar sabo ya shiga cikin faɗin Annabi (SAW) wanda ya ha'ince mu baya cikinmu, Muslim ya ruwaito. Aibin da baka gyara ba ka faɗe shi. Raba ɗakuna ma da katako a toshe taga da hanyar fita, a cusa mutum goma a banɗaki ɗaya, cutarwa ce kuma babu cuta babu cutarwa a musulunci, in gobara ta tashi rai ya salwanta ta dalilin sakacinka kana da alhaki. Duk wani canji a gini ka nemi izinin mai gida da na baladiyya, wato hukumar gari. Kada kuma ka cakuɗa gwauraye da masu iyali a ƙofa ɗaya.

Batun alhazai, saukar da su yana buƙatar tasrihi, wato izinin hukuma, na musamman bayan an duba gidan ta fuskar tsaro, in babu kada ka kusanta, balle ɓoye waɗanda basu da izinin hajji, a 2025 an sanar da tara har riyal 100,000 akan mai basu masauki. Sannan baya halatta ka karɓi hayar shekara a hannun talaka in Zulƙida ta kama kace ya kwashe kayansa don alhazai sunfi tsoka. In kana son ɗakunan a musim ka faɗa masa tun ranar farko, a rubuta watannin da zai zauna, kuɗin ya zama na watannin ne kawai. Wanda kuma ya shiga matsi na gaske ka jinkirta masa kamar yadda aya ta 280 a Baƙara ta umarta, daban yake da mai taurin bashi.

Zakka babu ita akan ginin ko kuɗin da ka kashe a gyara, akan abinda ka tara na haya take, haka majalisar fiƙihu ta duniya ta yanke a zamanta na Jidda a 1985. Ka haɗa shi da sauran kuɗinka, in ya kai nisabi wato ƙimar giram 85 na zinare kuma shekara ta zagayo ka fitar da 2.5 cikin ɗari.

Allah shine mafi sani.