Wace ce matar da ke zane a bangon maƙwabtanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Gadarif nake. Maƙwabtanmu Kiristoci ne 'yan Duwatsun Nuba. A bangon ɗakinsu akwai zanen wata baƙar mace da ɗankwali, da tsinkakkiyar sarƙa a hannunta, har kyandir suke kunnawa a gabansa. Wace ce ita? Bauta mata suke yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Bisa kwatancenki, Josephine Bakhita ce, 'yar ƙasar nan ta Sudan. A Darfur aka haife ta wajen 1869. Masu farautar bayi suka sace ta tana ƙarama, aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu, daga Ubayyid har Khartum, inda wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta. A Italiya kotu ta tabbatar mata da 'yancinta a 1889, ta zama sista, ta rasu a garin Schio a 1947. Fafaroma John Paul na Biyu ya sanya ta cikin waliyyan Katolika a 2000.

Sarƙar nan ita ce shaidarta. Mai zanen gargajiya bai cika damuwa da kamannin fuska ba, alama yake bi, domin wanda ko baƙi bai sani ba ya gane waliyyi da kallo ɗaya. Bitrus da mabuɗai ake zana shi. Mar Girgis, wanda Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, ke ji da shi, yana kan doki yana soke dodo da mashi. Bakhita kuwa, duhun tufafin sistoci, lamba rataye a ƙirji, sai sarƙar bauta da ta tsinke. Ko zanen ya karkace, in dai alamar na nan, ya biya buƙata.

Batun bauta, 'yan Katolika cewa suke Allah kaɗai ake bauta wa. Tun taron malaman coci na Nikiya a 787 suka tsaya a kan cewa girmamawar da aka yi wa hoto tana komawa ga mai hoton ne, kuma roƙonsa ake ya taya da addu'a. Furotesta da yawa ba su yarda da hakan ba, balle Musulmi.

A ganina, abin da ya kai ta bangon maƙwabtanki bai tsaya ga aƙida kawai ba. Yawancin hotunan waliyyai da suka zo daga Turai fararen fata ne. Wannan kuwa tasu ce, ta ga bauta, ta ga rabuwa da gida, kuma iyalin da yaƙi ya taɓa tayarwa sun san wannan zafin. Ranar 8 ga Fabrairu ake bikin tunawa da ita.