Yawon keke a hanyar burji: kar ka zuba miliyan ukun nan tukuna

Wani ɗan uwa mai shagon kekunan gwanjo a Tudun Wada ya turo min saƙo da daddare, ga shi a taƙaice: "Malam barka da dare. Ina da miliyan uku da na tara, rabi kwasar adashe ce. Ina ganin bidiyon Turawa suna tuƙa keke a hanyoyin ƙauye cikin gonaki har su hau tsofaffin garuruwan kan dutse, kuma mutane biya suke a zagaya da su. Wani dila a Legas ya ce zai ban irin kekunan guda goma, dubu ɗari uku-uku. Na ce me zai hana in riƙa kai mutane Kajuru ko Turunku ko Kagoro duk Asabar ina ba su haya? Ya ka gani?"

To ƙanena, tunanin ya yi, amma dilan nan ka ce masa ya dakata. Bari in faɗa maka dalili.

Abin da ka gani a bidiyo gaskiya ne, sana'a ce babba a can. A yankin Tuskani na Italiya akwai fararen hanyoyin tsakuwa da suka ratsa gonakin inabi da garuruwan kan tudu, tun 1997 ake wani taron tsofaffin kekuna a wajen da ake kira L'Eroica, daga 2007 kuma aka fara tseren ƙwararru na Strade Bianche da ake ƙarewa a cikin garin Siyena. A Kansas ta Amurka akwai tseren hanyar burji na mil 200. Har gasar duniya aka fara yi wa wannan nau'in a 2022. Amma ka lura, da yawa daga cikin masu zuwa can da kekensu suke zuwa, kuɗin da suke kashewa na masauki ne da abinci da ɗan jagora da gyara. Masu cin ribar ba tara kekuna a sito ne kaɗai jarinsu ba, hanya suka sani.

Mu yi lissafi da kuɗinka. Yaushe ake iya wannan yawon a Kaduna? Da damina burji laka ne, rafi ya cika, ciyawa ta rufe hanyar ƙafa. Da bazara kuwa, Maris da Afrilu, wa zai biya ka kuɗi ka kai shi rana ta gasa shi? Saura Nuwamba zuwa Fabrairu, Asabar 17 ko 18 kenan. Cire na bukukuwa, cire makon Kirsimeti, cire azumi idan ya faɗo ciki, mu ce ka tsira da 12. Mu ƙaddara Allah Ya ba ka sa'a duk Asabar kekuna goman sun fita, kowa ya biya dubu 10, dubu 100 kenan. Sai motar da za ta ɗauki kekunan ta kuma biyo ku a baya, da mai a farashin da yake tun da aka cire tallafi a 2023, da ruwa da abinci da yaron gyara da ɗan jagora, in ka tsira da dubu 40 ka gode Allah. Sau 12, dubu 480 a shekara. Shekara shida da ɗoriya kafin uwar kuɗi ta dawo, wannan ma in babu keken da ya karye, kuma wallahi sai sun karye. Alhali miliyan ukun nan in tana cikin shago kai ka fi ni sanin sau nawa take juyawa a shekara, musamman yanzu da kuɗin mota ya sa ma'aikata da ɗalibai komawa keke.

Sannan su kansu kekunan. Irin wanda dilan ke nufi mai lanƙwasasshen kai ne kamar na tsere, sai dai tayarsa ta fi faɗi, milimita 38 zuwa 45, da yawansu birkin mai ne da su, wasu ma babu tub a ciki sai wani ruwa da ke toshe huda. Abu mai kyau, amma ranar da ya lalace fa? Ni na taɓa bin abokai irin wannan yawon da aron keke, ƙaya ta huda min taya a bakin wata gonar dawa, muka tura har ƙauye wajen mai faci, bawan Allah ya juya bawul ɗin nan siriri ya kalle ni ya ce Alhaji wannan kan famfona ba zai shiga ba. Haka na hau bayan a-kori-kura tare da buhunan masara ina rungume da keken mutane. Da keken hawan dutse ne irin na gwanjon da ke jingine a shagonka yanzu, minti goma ya gama min. Shi ya sa na ce jarin farawa yana hannunka tuntuni, zaɓi huɗu ko biyar masu lafiyar giya da birki, sa musu sabbin tayoyi, sayi hular kwano, famfo biyu, tub da yawa, da akwatin magani na taimakon gaggawa. Duka ba zai ci maka dubu ɗari uku ba in ka yi tsumulmula.

Yanzu batun hanya, nan ne ainihin kayan sayarwarka kuma nan ne haɗarin yake.

Kajuru kowa ita yake fara ambata saboda gidan nan mai kama da fadar Turawan da da wani Bajamushe ya gina kan dutse a shekarun 1980, ga duwatsu ga gonaki, hoto yana kyau ba ƙarya. Amma kar ka manta a watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari wurin, mutum biyu suka rasa ransu, ɗaya Baturiyar Ingila ce. Mutanen da kake so su biya ka, ma'aikatan banki da likitoci da 'yan ƙungiyoyin agaji, ba su manta ba, matansu ma ba su manta ba. Ban ce har abada ba, na ce ba da ita za ka buɗe ba.

Kagoro da Nok da ruwan Matsirga na kusa da Kafanchan, gaskiya a wajen kyau babu kamarsu a jihar nan, ga tsaunin Kagoro ga bikin Afan ranar 1 ga Janairu, ga ƙauyen Nok a ƙaramar hukumar Jaba wanda sunansa ya zaga duniya saboda mutum-mutumin yumɓu da aka fara tonowa wajen haƙar kuza a 1928, ga gonakin citta ta ko'ina. Sai dai tafiya ce ta kwana, kuɗin mota da masauki zai ninka farashin, kuma kai ba ɗan can ba ne, dole sai da abokin hulɗa ɗan ƙasa. Ajiye ta sai shekara ta biyu.

In ni ne, ɓangaren Zariya zan fara. Dutsen Kufena yana nan dab da Wusasa, zagaye ne gajere da sabon shiga zai iya, kilomita 15 zuwa 20 cikin gonaki a dawo kafin azahar, ga tarihi a kusa, ganuwar Zazzau, tsohon cocin Wusasa, garin da Janar Gowon ya tashi. Ga jama'ar ABU da sauran makarantu waɗanda su ne kasuwarka ta farko. Turunku kuma, hedikwatar Igabi, ita ce tarihin Zazzau ke dangantawa da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, labari ne da ɗan jagora mai baki zai riƙe mutane da shi awa guda a gindin dutse. Amma ita ma sai ka tambayi halin da dajin wajen yake ciki a makon da za ku je, ba labarin watan jiya ba.

Ko wacce ka zaɓa, ka fara zuwa kai kaɗai a babur sau biyu sau uku. Ka je gaida mai unguwa ko dagaci da ɗan goronka, ka faɗa masa abin da ke tafe da kai, ka san shugaban 'yan sintiri, ka leƙa ofishin 'yan sanda na yankin. Ka nemi a ba ka saurayi ɗan garin ya zama jagora kana biyansa duk fita, shi ya san inda yashi yake kama taya, shi ya san gonar wanda ba a ratsawa, kuma shi zai kira ka ranar Juma'a da dare ya ce gobe kar ku zo. Wannan kiran kaɗai ya fi kekuna goman daraja. Ranar da ya ce kar ku zo kuwa, ko mutum ashirin sun biya, mayar musu da kuɗinsu.

Kar ka kuskura ka sa rana da hanya da wurin haɗuwa a Facebook. Hotuna bayan an dawo ake sawa. Masu zuwa ka tara su a ƙaramin guruf na WhatsApp, kowa ka san wanda ya kawo shi.

Wasu ƙananan abubuwa da ke ɓata irin wannan harkar: da kaka mutane na shanya masara da barkono a gefen hanya, ɗan birni ya zo a guje ya bi ta kai, shikenan kun ɓata da gari. Matsattsen gajeren wandon nan na 'yan tsere, a ce wa kowa ya ɗora dogon wando a kai. Hoton matan mutane a bakin rijiya ba da izini ba, a'a. Kuma ku yi ciniki a garin, fura da nono, rake, gyaɗa, ƙosai, kar ku cika mota da kayan kanti ku bar musu ƙura da robar ruwa. Dattijon da zai wuce ku a tsohon Raleigh ɗinsa da buhu biyu a baya yana dariyar wai kuɗi kuka biya don ku tuƙa keke, in ya san jikarsa ta sayar da furarta kaf saboda ku, gobe shi zai nuna muku hanya.

To ina ribar? A shago. Mutum goma sun fita, biyu za su dawo su ce wannan keken da na hau nawa ne. Wanda ya zo da nasa ka karɓi kuɗin hanya kawai, mu ce rabin na mai haya, amma jar ƙurar nan ta shiga sarƙa da giya, Litinin zai kawo maka wanki da sabis, zai sayi taya, zai sayi hula, zai saya wa ɗansa ƙarami. Ka buɗe littafi daban ka riƙa rubuta duk cinikin da ya biyo ta yawon, in ba haka ba za ka ga kamar wahala kake sha a banza. Kuɗin yawon ma asusu daban, kar ya haɗu da na shago, a biya rabi tun Laraba don ka san mota nawa za ka ɗauka. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC in ba ka da ita, domin ranar da wani ofis zai ce ka fitar da ma'aikatansu sai sun nemi takarda, sannan ka sa lauya ya rubuta maka 'yar yarjejeniya shafi ɗaya da kowa zai sa hannu kafin ya hau.

Rabin kuɗin nan ka ce adashe ne, wato akwai zubin da ke jiranka duk wata, shi kaɗai ya isa ya hana ka binne su a kayan da sai hunturu suke motsi. Yi fita huɗu a Nuwamba da Disamba da kekunan shagonka, ka turo min lissafin kowace ɗaya har da kuɗin ruwan leda. In ka ga mutane na rigimar wa zai samu keke, lokacin sai ka kira dilan ka ce ya aiko guda biyu, masu birkin waya.