Kemo ya zubar wa Inna da gashi, Baffa ya ce a daina

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. An gano Innata tana da sankarar mama, aka ɗora ta kan kemo, wato ƙarin ruwan maganin sankara, a Kano, duk bayan mako uku. An yi mata sau biyu. Tun daga nan sai amai, bakinta ya yi gyambo, gashinta yana biyo mataji, faratanta sun yi baƙi, ranar farko ma fitsarinta ja ya zama. Baffanmu ya ce dama daji ba ya son allura, a dawo da ita gida a yi na Hausa. Mun riga mun sayar da tumaki. Don Allah ki ba ni shawara. Daga wata 'yar'uwa a ƙasar Jahun, jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Duk abin da kika lissafa na saba gani a ɗakin da muke ƙara wa masu sankara ruwa, kuma babu ɗaya a ciki da ke nuna ciwon ya ci gaba. Aikin maganin ne. Abin da ni nake tsoro ma ba ki ambace shi ba, zan zo kansa.

Sankara ƙwayoyin jiki ne da suka ƙi daina hayayyafa. Kemo kuwa an yi shi ne don ya kashe duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa. Kamar maganin feshin ciyawa ne a gona, yana kashe ciyawar amma yakan ƙona gefen ganyen shuka. A jikin mutum masu saurin sabuntawa su ne tushen gashi, fatar cikin baki, cikin hanji da ɓargo inda ake ƙera jini. Shi ya sa wahalar take fitowa a waɗannan wuraren, kuma da yake su lafiyayyu ne, suna farfaɗowa.

Maganin da ake yi mata ta jijiya, daga bayaninki da alama jan ruwan nan ne da ake kira doxorubicin. Launinsa ne ke fita a fitsari kwana ɗaya zuwa biyu, ba jini ba ne. Idan jan ya wuce haka, ko da zafin fitsari, sai a faɗa wa likita. Shi ne kuma ke zubar da gashi, yawanci mako biyu zuwa uku bayan zuwan farko, har gira takan tafi. Bayan an kammala, cikin 'yan watanni yake dawowa, wani lokaci ya fi na da laushi. A daina yi mata kitso mai ja, a rage gashin, ɗankwali ya wadatar. Baƙin farce da na tafin hannu shi ma yana washewa. Abu ɗaya ki kula da shi ranar ƙarin ruwa: in ta ji zafi ko raɗaɗi a wurin allurar, ta yi magana nan take, don idan maganin ya tsiyaya a ƙarƙashin fata yana cin nama. Iyayenmu mata akwai kawaici, sai ki zauna kusa da ita ki riƙa tambaya.

Amai yana da magani, kuskuren da ake yi shi ne jira sai ya fara. Ƙwayoyin da aka ba ku, irin su ondansetron, a sha su a kan lokacin da aka rubuta ko zuciya ba ta tashi ba. Yakan sa bayan gida ya yi tauri, sai a yawaita ruwa da gwanda. In bai tsayar ba ku faɗa, akwai wasu. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunun gyaɗa, fate, dafaffen ƙwai, alale, romon kaza ko kifi. A nisantar da ita daga hayaƙin murhu da ƙamshin daddawa lokacin girki. Don gyambon baki, ta riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri bayan kowane cin abinci, ta ajiye asuwaki mai tauri ta koma buroshi mai laushi, a ɗaga mata yaji da kunun tsamiya. Idan kika ga fari-fari a harshe, shi ma akwai maganinsa a asibiti.

To, ga abin da nake tsoro: zazzaɓi. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙar cuta, suna yin ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane kemo. Daidai lokacin nan kun koma ƙauye, amai ya lafa, kowa ya saki jiki. Cutar da mai lafiya zai kwana biyu ya warke, ita tana iya shiga jininta ta kayar da ita cikin sa'o'i. Mu kuwa a wajenmu duk zafin jiki maleriya ce, sai a aika yaro kemis ya karɓo farasitamol da maganin maleriya a ce a ga wayewar gari. Wannan jiran ya fi zubar gashi haɗari nesa ba kusa ba.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki, bai kai kuɗin motar zuwa Kano ba. Da zarar ya nuna 38, ko kika ga tana rawar sanyi, ko ta rikice tana sambatu, ku tafi asibiti ko tsakar dare ne. Kada a ba ta farasitamol kafin a auna, yana ɓoye zafin. Ba sai kun kai Kano ba, babban asibitin Jahun ko Dutse ya fi kusa. Ku riƙe katinta, kalmar farko a bakinku ita ce "tana kan kemo", don a duba jininta a fara mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da jinkiri ba. Ana iya samun maleriyar ma, sai a haɗa a yi maganin duka. Tun yanzu ku shirya da mai mota ko mai babur ɗin da za ku iya tasa da dare, musamman da damina. Haka za ku yi idan haɓo ko jinin dasashi ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi mata wuya, ko gudawa ta yi yawa, ko ta yini ta kwana ruwa bai zauna a cikinta ba.

A waɗannan ranakun ta kwana cikin gidan sauro, a tafasa mata ruwan sha, a dakatar da nonon talla da salak da abincin da ya kwana. Kada ta share turken dabbobi ko akurkin kaji. 'Yan dubiya kuwa, na san ba a korar su, amma mai tari da yaro mai ƙyanda ko ƙarambau su yi gaisuwa daga zaure.

Sai maganar Baffa. Ba don ƙiyayya ya faɗa ba, ya ga 'yar'uwarsa ta tafi da ƙafarta ta dawo a kwance. Amma zancen daji ba ya son allura shi ne yake kawo mana mata bayan mama ya fashe ya fara wari, lokacin da abin da za a iya yi ya ragu. Yanke kemo a tsakiya asara biyu ce, an sha wahalar kuma ragowar ƙwayoyin sun samu sararin tsirowa. Jiƙe-jiƙen saiwoyi a kan kemo ƙarin kaya ne ga hanta da ƙoda, su ne ke tace maganin. Tsaga da ƙaho kuwa kada a kusance su, jininta ba ya saurin daskarewa yanzu. Addu'a da tofi ku yawaita. Ku tafi da Baffa zuwa na gaba ya ji daga bakin likita, in jikin ya yi rauni likitan na iya ɗaga ranar ko rage yawan maganin. Ki kuma faɗa wa Baffa maganin kemo mai suna paclitaxel, wanda sau da yawa ake bi da shi bayan jan ruwan, asalinsa daga ɓawon wata itaciya aka samo shi a Amurka, bambancin kawai an auna shi. In an kai kansa, yakan sa yatsun hannu da na ƙafa su riƙa yi kamar ana tsira allura, a sanar da likita da wuri. Batun kuɗi, ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ku tambayi ko tana cikin waɗanda asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya ke ɗauka, don sankarar mama na cikin waɗanda aka ware masa.

Tambaya: Hajiya, maiɗakina ce ke kan kemo, al'adarta ta ɗauke. Ko ciki ne? Kuma makwabta sun ce a ware mata kwano. Daga wani magidanci a ƙasar Ɗambatta.

Amsa: Malam, sankara ba a ɗaukar ta, ku ci kwano ɗaya. Kemo kan ɗauke al'ada, a ƙananan mata takan dawo bayan an gama, waɗanda suka haura 40 wasu ba ta dawo musu. Duk da haka ku yi gwajin ciki kafin zuwa na gaba, don ana iya samun ciki ko ba a ganin al'ada, maganin kuma yana illata ɗan tayi. Ku tambayi likitanta hanyar tazarar da ta dace da ita, kada ta sayi ƙwaya da kanta. In tana da goyo, a yaye shi daga nono har sai likita ya ba da izini.