Tambaya da Amsa: Ni bakaniken manyan motoci ne, zan iya kula da injin haƙar burtsatse?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni matashi ne daga Daura, shekarata bakwai ina gyaran manyan motoci masu shan gas. Kawuna ya sayo injin haƙar rijiyar burtsatse wanda aka taɓa amfani da shi, tare da kwamfuresa, wato injin matsa iska, ya ce ni zan riƙa kula da lafiyarsa. Hankalina bai kwanta ba, domin kusan duk abin da ya mallaka ya zuba a ciki, kuma na ji labarin wani da ya rasa yatsu a irin wannan aiki. Wace ƙwarewa nake buƙata kafin in karɓi wannan amana?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Shekara bakwai da ka yi a gareji ta ɗauke maka nauyin ɓangaren injin gas, saboda haka ba zan ɓata lokaci a kansa ba, sai abu biyu. Na farko, injin haƙa da awa ake lissafa masa ba da kilomita ba, kuma yawancin kamfanoni sun ce a sauya baƙin mai da filtarsa duk bayan awa 250, don haka ka sayi littafi ka riƙa rubuta awannin aiki kullum, ko da agogon injin yana aiki. Na biyu, ƙurar hunturu a yankinmu da zafin Maris zuwa Mayu, wanda yakan haura digiri 40, suna gajarta ran filtar iska da lagireto fiye da yadda ka saba gani a mota, domin mota tana tafiya iska na kaɗa ta, shi kuwa wannan a tsaye yake wuni cikin ƙurar da shi da kansa yake tayarwa. Kada ka buga filta a jikin taya, ƙaramar ta ciki kuma sauya ta ake yi, ba a hure ta. Kowace safiya ka tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasan matatar gas, musamman idan a hannun 'yan bumburutu aka sayi man.

Abin da za ka koya sabo shi ne haidurolik, wato tsarin da ke motsa sassan inji da ƙarfin man da aka matse, da kuma iska. Dole ka iya karanta zanen tsarin haidurolik da ke cikin littafin injin, ka bi mai da yatsa daga tanki zuwa famfo, zuwa bawul, zuwa silinda, har ya komo. Dole kuma ka koyi tsabta irin wadda gareji bai koya maka ba, domin ƙwayar yashin da ido ba ya gani ta isa ta karce famfo, kuma bakin tiyon da aka kwance aka ajiye a ƙasa na minti biyu ya riga ya kwashi rabonsa. Sauran aikin kuma ƙasar da kuke haƙa ce za ta faɗa maka. Idan kuka gangara tsakiya da kudancin jihar Katsina, wajen Dutsin-Ma, Malumfashi ko Funtuwa, dutse za ku fasa da gudumar iska, wadda take buƙatar mai na musamman ba tare da yankewa ba. Ka riƙa duba bakinta in an fito da ita: idan babu danshin mai a jikinsa, a dakata a duba tulun da ke ɗiga man. Idan kuwa kuka faɗa yashi da yumɓu, irin wanda ake samu a wurare da dama a arewacin jiha, famfon taɓo ne zai zama abokin hirarka, kuma wanke shi da ruwa mai kyau a ƙarshen kowane wuni ba abin sasantawa ba ne. Zaren bututun haƙa a goge shi da buroshi a shafa masa girisinsa duk ɗauri.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zaɓi tambayarka daga cikin waɗanda aka aiko, wato maganar yatsu. Akwai wata fahimta da nake cin karo da ita kusan a kowane wurin aiki, daga yara har manyan oga, cewa da zarar an murɗa makulli inji ya yi shiru, to hatsari ya wuce, kowa ya kawo sifana. Wannan fahimta daga gareji take zuwa, kuma kai ma da ita za ka zo idan ba a gaya maka ba. A mota, kashe inji yakan kashe mafi yawan ƙarfinsa. A injin haƙa ba haka abin yake ba, domin ƙarfin ajiye yake a wurare da dama bayan sauti ya ɗauke. Tankin kwamfuresa yana iya riƙe iska da mai mai zafin gaske idan bawul ɗin da ke furzar da ita ya toshe. Bututun da ke cikin rami yana iya riƙe iska idan taɓo ya toshe bakin guduma. Silindar da ke ɗauke da turken injin, wato dogon ƙarfen da ake miƙewa tsaye, ko kan da ke juya bututu kuwa, man da ke cikinta a matse yake muddin nauyin yana sama, kuma wanda ya kwance tiyonta ya zare abin da yake riƙe da ƙarfen da ke bisa kansa.

Ka auna da abin da ka sani. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska wajen ba 2 (ba, wato bar, ma'aunin ƙarfin matsi ne). Kwamfuresar fasa dutse tana aiki tsakanin ba 17 zuwa 24, haidurolik kuma yakan haura ba 200. Ba 7 kacal ya isa mai ya huda fatar mutum. Duk da haka sai ka ga yaro ya hango danshi a jikin tiyo, ya kai tafin hannu yana shafawa don ya gano inda yake yoyo, ko ya naɗe wurin da tsumma ya riƙe, ko ya ɗauko sifana ya ƙara ɗaure noti inji yana aiki, oga yana tsaye yana kallo bai ce uffan ba, saboda shi ma haka ya taso ya ga ana yi.

Na taɓa ganin ƙarshen wannan da idona a wani ƙauye. Yaron bai kai shekara ashirin ba. Ya ce ya ji kamar zuma ta harbe shi a yatsa, ya nuna mana, ɗigo ne ƙarami kamar na tsinin allura, ko jini bai fito ba. Wani daga cikin manyan ya zuba masa man birki a wurin, aka ɗaure da ƙyalle, ya koma aiki. Da dare hannun ya fara zogi, aka kai shi wurin mai sayar da magani ya yi masa allura ya ba shi ƙwayoyi, washegari kuma wani ya kawo ganye aka ɗaura. Sai a kwana na uku, da yatsan ya yi baƙi hannun ya kumbura har wuyan hannu, aka nufi asibiti, kuma yatsan bai dawo gida tare da shi ba. Har yau ina jin nauyin cewa ban tsaya na dage a kai shi a ranar farko ba, domin a lokacin ni ma ban san abin da na sani yanzu ba.

Abin da yake faruwa shi ne, man yana shiga ta wannan ƙaramar kafa ya bi jijiyoyi ya bazu cikin hannu, ya matse hanyoyin jini, kuma shi kansa guba ne ga nama. Babu ƙwaya, babu allura, babu ganye ko tofi da zai fitar da shi, sai likitan tiyata ya buɗe ya wanke, kuma awanni shida na farko su ne masu daraja. Wannan ne ya sa raina yake ɓaci da masu kemis da suke karɓar irin wannan ciwo don kuɗin allura, da manyan da suke cewa namiji ba ya zuwa asibiti saboda ɗigo. Man birki kuma ba magani ba ne ga kowane irin rauni, ya kamata wannan al'ada ta fita daga garejojinmu. Idan abin ya faru, Allah ya kiyaye, a tafi babban asibitin da ake tiyata nan take, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a tafi da galan ɗin man ko sunansa, kuma a faɗa wa likita a fili cewa mai ne mai matsi ya shiga, domin idan ba a faɗa ba, wanda ya duba zai iya ɗauka ƙaramin rauni ne ya sallame ku.

Ƙwarewar da nake so ka fara da ita ke nan, kafin kowace: sauke ƙarfi. A sauko da duk wani nauyi ƙasa ko a tokare shi da ƙarfe, a kashe inji, makulli ya shiga aljihunka kai da za ka yi gyaran, a motsa kowace liba gaba da baya sau da yawa, a buɗe bawul ɗin iska da hannu har huci ya ɗauke, sannan a duba geji, wato agogon da ke nuna matsi. Gejin ma kada ka ba shi amana gaba ɗaya, domin allurarsa takan maƙale, saboda haka noti na farko a sassauta shi a hankali, fuska tana gefe. Yoyo da guntun kwali ake nemansa, ba da hannu ba, ko da akwai safar hannu. Tiyon da wayarsa ta bayyana ko ya yi ƙulli, a jefar da shi, ba a naɗe shi da robar tayar keke.

Game da inda za ka koya, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna tana horar da masu haƙa, kuma ya dace ka nemi gurbi. Sai dai takardar da mutum ya samu bai taɓa sifana ba ba za ta riƙe masa turke ba, don haka ka roƙi kawunka ya ɗauki gogaggen mai haƙa na rani guda, kai kuma ka zama yaronsa ba tare da jin kunyar shekarunka bakwai ba. Kafin ku fita aikin farko, ka gaya wa kawu da ladabi cewa kana buƙatar littafin injin, da sababbin geji, da igiyoyin ƙarfe da ake ɗaure bakin tiyon iska da su don kada ya yi bulala idan ya fizge. Idan ya ce a bari sai an karɓi kuɗin rijiyar farko, ka nuna masa wannan amsa. Allah ya sa albarka, ya tsare ku.