Amsar tambayarka a kan sunan akawu

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuwa yi murna da aikin da ka samu a kotu, Allah ya sanya albarka. Ka ce takardar ɗaukar aikin ta kira ka "clerk", wato akawu, abokanka suna ta tsokanarka wai ɗan rubuce-rubuce, ga shi kuma ka ji da wannan sunan ake kiran babban jami'in Majalisar Tarayya. Shi ne kake tambaya wace irin al'ada ce ta haɗa babba da ƙarami a suna ɗaya.

Kalmar daga coci ta fito. Tushenta Girkanci ne, "kleros", wato ƙuri'a ko rabo, ta bi ta Latin ta zama "clericus", mutumin da aka keɓe wa hidimar addini. A Ingila ta shekaru ɗari takwas da suka wuce, kusan duk mai iya riƙe alƙalami ɗan coci ne. Sarki zai aika wasiƙa, shi za a kira. Za a rubuta haraji ko iyakar gona, shi ne dai. Da haka sunan ya zame daga mai addini ya koma kan duk wanda ya iya karatu.

Wannan iyawar har rai take ceta. Bayan rikicin Sarki Henry na Biyu da Thomas Becket, babban limamin cocin Kantabari, wanda aka kashe a can a 1170, an bar wa 'yan coci damar kada kotun sarki ta yanke musu hukunci. To yaya za a gane ɗan coci? Daga baya sai aka koma miƙa wa wanda ake tuhuma littafi a ce karanta, galibi farkon Zabura ta 51. In ya karanta, ya tsira daga rataya. Ɓarayin da ko baƙi ɗaya ba su sani ba suka riƙa haddace ayar, har aka shiga yi wa wanda ya taɓa cin wannan gata lalas a babban yatsa don kada ya dawo karo na biyu. Sai a 1827 aka soke gatan gaba ɗaya. Duk sanda na tuna wannan, nakan ji nauyin alƙalami a raina.

Da makarantu suka yawaita, karatu ya daina zama na 'yan tsiraru, sunan ya yi araha. A ƙarni na 19 ofisoshin Landan cike suke da masu kwafar takardu tun safe har dare a kan ɗan albashi. A Amurka ma har mai tsaron kanti haka ake ce masa. Amma tsohon girman bai ɓace ba a inda aka riƙe al'ada: akawun majalisar wakilan Birtaniya yana zama a teburin da ke gaban kakakin majalisa, shi ke ba da shawara a kan ƙa'idojin zama, kuma sai a 2017 akawunan majalisar suka daina sa hular gashin nan irin ta lauyoyi. Daga can muka gaji namu.

Mu ma hanyar da muka bi ke nan. "Malam" daga Larabci yake, mai koyarwa, amma a zamanin En'e muka sami malamin haraji, malamin gona, malamin daji, malamin asibiti, don kawai suna riƙe da takarda. Lokacin da nake wannan aiki, wani dattijo yakan zo ya cire hularsa, ya zaro rasit ɗin da ya naɗe a ciki, duk ya jiƙe da gumi, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Malam, duba mini." Bai san abin da ke jikin takardar ba. Abin da na faɗa masa shi zai kai gida, a kansa kuma zai sayar da akuya ko ya bar ta. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙaramin aiki ba.

Kai ma irin waɗannan mutanen za su tsaya a gabanka, kuma ranar da ka rubuta a rajista ita ce ranar shari'arsu. Ka riƙa karanta musu abin da ka rubuta kafin su dangwala hannu, ko da layi ya yi tsawo. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya kai mu.