Mece ce ma'anar circumvent, kuma daga ina ta samo asali?

Tambaya: Malam, na ga kalmar circumvent a wani labarin jarida kan lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya. Ƙamus ya ce min ma'anarta zagayawa. To, wane zagaye ake yi a intanet? Kuma zan iya amfani da ita in ce na zagaya kasuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, rabin maganar ƙamus ya faɗa miki. Tushen kalmar Latin ne, harshen Rumawa: circum, wato kewaye, da venire, wato zuwa. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15, kuma a lokacin maganar makirci ce: a yi wa abokin gaba ƙawanya, a rutsa da shi ta inda bai zata ba.

Wannan wayon bai rabu da ita ba har yau, sai dai abin da ake wa wayon ne ya canza. Yanzu doka ce, ko sharaɗi, ko takunkumi. Mutum bai fito gaba da gaba ya taka dokar ba, ya dai nemi ɓarauniyar hanya ya isa inda aka hana shi. Da gwamnati ta rufe Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane sun koma amfani da VPN, wanda ke bi da bayanansu ta wata ƙasa, sai shafin ya buɗe. Zagayen da jaridar ke nufi ke nan. Ni in zan fassara, "kauce wa" ko "zille wa" zan ce, don su ne ke ɗauke da dabarar da ke cikinta. Ki kuma kula, sau da yawa akwai zargi a ciki: in aka ce kamfani ya yi wa dokar haraji haka, ba yabonsa ake yi ba.

Kasuwa kuwa, kada ki sa mata wannan kalma. Go round ta wadatar.

Zagaye na zahiri 'yan'uwanta ne ke ɗaukarsa. Circumnavigate ta jirgin ruwa ce, irin tafiyar ayarin wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Magellan da ya bar Spain da jirage 5 a 1519, ɗaya ya kewaye duniya ya dawo a 1522 da mutum 18, bayan an kashe shi kansa Magellan a Philippines. Circumambulate ta tafiyar ƙafa ce, ita za ki gani a littattafan aikin Hajji na Turanci a wurin ɗawafi.