Ku Tambaya Mu Amsa: editin ɗin bidiyo a gida, tsofaffin kaset da kulob ɗin matasan Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Wannan watan kamar an haɗa baki, saƙonnin da suka shigo kusan duk daga nan Saudiyya ne kuma duk maganar bidiyo ce, toh na tsamo guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Mu wasu matasa ne a kudancin Jidda wajen Karantina, mun haɗa ɗan kulob na kwamfuta, duk Juma'a bayan la'asar muna haɗuwa a falon wani dattijo da ya ara mana. Mu 14 ne, kwamfuta 5, duk a haraj, kasuwar gwanjo, muka siyo su, huɗu RAM ɗinsu 4GB ɗaya 8GB. Mun gama taifin da Word da Excel yanzu yara sun matsa sai editin, wani yace mu sa Premiere fasasshiya, wato ta sata, wani yace CapCut ta isa, ni kuma Movie Maker na sani tun ina makaranta amma na neme ta na rasa. Dan Allah wacce zamu saka? Daga ƙaninka, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, falo da mukayyif, wato AC, kyauta a Jidda ba ƙaramin abu bane.

Movie Maker dai ta riga mu gidan gaskiya. Microsoft sun fito da ita a 2000, suka janye ta a Janairun 2017, duk shafin da ka gani yau yana cewa zo ka sauke ta ko ka biya kaza a buɗe maka, ka yi ta kanka. Abin da suka kawo a madadinta shi ne Clipchamp da suka saya a 2021, yana zuwa cikin Windows 11, ba laifi amma sai da akawun da intanet, kuma naku kwamfutocin inaga ko Windows 11 ɗin ba za su ɗauka ba.

Shi kuma mai cewa Premiere fasasshiya ka gaishe min shi. Banda haƙƙin mutane da ke ciki, irin waɗannan fayil ɗin su ne babbar ƙofar bairos, kuma ku kwamfuta ɗaya mutum uku ke hawa kowa ya shigar da Gmail ɗinsa da Facebook, rana ɗaya za a kwashe ku duka. Ko ta halal ce ma 4GB ba zai ja ta ba. Haka DaVinci Resolve, kyauta ce kuma da ita ake gyara launin manyan finafinai, amma 16GB take so, ku bar ta sai kun yi ƙarfi.

Ku sa Shotcut. Kyauta ce har abada, ba tambari a jikin bidiyo, ba rajista, ba ruwanta da intanet in an gama saukewa. Fuskarta ba kyau, na yarda, satin farko yara za su yi ta tsaki. A cikin saitin akwai wani abu Proxy, ku kunna shi, shi zai yi ƙaramin kofi na kowane bidiyo ku yi aiki a kansa babu cijewa, sai lokacin fitarwa ya koma kan na asali. In akwai ɗan kuɗi a asusu kar ku sayi kwamfuta ta shida, ku sayi SSD, faifan ajiya mai sauri, ku ƙara RAM zuwa 8GB, wallahi sai kun ɗauka sabuwa ce. Sannan ku sani Windows 10 an daina turo masa gyaran tsaro na kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, toh ko guda ɗaya ce ku gwada mata Linux Mint a madadin Windows, da manhajar editin ta Kdenlive, wannan ma darasi ne na wata guda.

CapCut ba zan ce ku hana ba, ai tana cikin jawwal ɗin kowa, wato waya, ta kamfanin ByteDance ce masu TikTok. Matsalata da ita a aji shi ne yaro ya danna tsarin da wani ya riga ya haɗa, hotuna su yi ta tsalle da kiɗa, ya zo yana cewa ya iya editin. Kuma sai ka gama wahala ka zo fitarwa ta ce maka wannan abin na Pro ne biya.

Ga abin da zan yi da ni ne ku. Ku zaunar da mai falon nan ku ɗauke shi minti 10 yana ba da labarin yadda ya zo ƙasar nan, ko yadda iyayensa suka zo, don akwai waɗanda kakanninsu a ƙafa suka taho ta Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya ta Sawakin, shekaru suna hanya. Ku zuba wannan minti 10 ɗin a duka kwamfutoci biyar, ku ce kowane rukuni ya mayar da shi minti ɗaya, banda kiɗa banda walƙiya banda rubutu mai juyi, yanka da jerawa kawai. Sai ku kalla tare. Za ka ga labari biyar daban sun fito daga bakin mutum ɗaya, kuma gardamar da za a yi kan me yasa ka cire wajen kaza ita ce ainihin karatun, ba sunan manhaja ba.

Abu biyu kafin ku ɗauka. Ku kashe mukayyif na minti goman nan ko za a yi gumi, mutane suna jure hoto mai duhu amma sauti mai gurnani ba mai jurewa, ku sayi ɗan makirfon na maƙalawa a riga. Sannan wutar Saudiyya 60Hz ce ba 50 irin ta Najeriya ba, in kamara tana kan firem 25, wato hoto 25 a sakan ɗaya, za ku ga fitila na rawa a hoton, ku sa 30 ko 60.

TAMBAYA: Ɗana sannu da aiki. Jikata ce take rubuta min. Ina da kaset ɗin bidiyo guda 9 a akwati, akwai na bikina da aka ɗauka a Kano, akwai na sunan yara a nan Makka, kuma a ciki ne kawai nake da muryar mahaifiyata Allah ya ji ƙanta. Na'urar kallon ta mutu tuntuni. Ana iya mayar da su cikin waya? Daga wata uwa, Makka.

AMSA: Amin Hajiya, Allah ya kai haske kabarinta. Ana iyawa, amma Hajiya kar a jira bayan Hajji ko bayan kaza, kaset ba ya son zafi da laima, kullum ƙara lalacewa yake a akwatin nan, kuma na'urar ma ƙarewa take, kamfanin Funai na Japan da ya rage yana ƙera ta ya tsaya tun 2016. Sai dai ta hannu, a haraj ko gidan wani da bai zubar ba.

Jikar Hajiya, ke nake wa magana yanzu. Ki ɗauki kowane kaset ki leƙa ta ɗan gilashin nan. In kin ga fari-fari kamar gari a jikin zaren to fumfuna ce, kar ki kuskura ki sa shi a na'ura, zai ɓata kan na'urar kuma ya shafa wa sauran, wannan sai masu gyara. Masu tsabta kuma ki fara gwada na'urar da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, don tsohuwar na'ura tana tauna zare, kar ki fara da na muryar kaka.

Ki nemi wadda aka rubuta mata Multi System a gaba. Dalili, na Kano tsarin PAL ne, a nan kuwa akwai lokacin da ake naɗa da wani tsari MESECAM, in tsari bai dace ba sai hoto ya fito baƙi da fari mutum ya ɗauka kaset ne ya mutu, a bar jaki ana dukan taiki. Sai 'yar na'urar ɗauko hoto ta USB, ita ce ake soka wa wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ɗaya bakin ya shiga kwamfuta, ki naɗa da OBS Studio, kyauta ce. Ki sa girman 720 da 576, firem 25, kuma ki bar hoton a yadda yake kusan murabba'i, kar ki ja shi ya cika allo kowa ya zama gajere mai faɗi. Ba gaggawa a aikin, kaset mai awa 3 awa 3 zai ci, kina zaune. In cikinsu akwai 'yan ƙanana na kamara irin MiniDV su kuma sai kamarar da wayar FireWire, kuma awa ɗaya tana cin wajen 13GB.

In an gama kar a taɓa fayil ɗin farko, a yi editin a kan kofi. A ajiye shi wuri uku, kwamfuta, faifan ajiya na waje, ɗaya kuma a aika wa 'yan'uwa a gida. Kaset ɗin ma kar a zubar. In shago za a kai, tunda akwai mata ba lulluɓi a bidiyon biki, wani na gida ya zauna a yi a gabansa a goge a gabansa. Ku kuma 'yan kulob na Jidda kun ji, na'ura ɗaya za ku saya, ku koya wa 'yan mata biyu, gidajen Hausawa nawa ne ke da irin wannan akwatin?

TAMBAYA: Malam in na gama editin bidiyo yana fes, ina turawa gida ta WhatsApp sai ya dawo dishi-dishi. Kuma wani lokacin a kwamfuta baki na gaba murya na baya. Daga ɗalibi, Madina.

AMSA: WhatsApp matse bidiyo yake don ya rage data. Ka tura shi a matsayin Document, yana ɗaukar har 2GB kuma ba ya taɓa shi, amma ka tausaya wa na gida, su da kuɗinsu za su sauke. 4K a iPhone minti ɗaya wajen 170MB ne, 1080 kuma wajen 60MB, kuma a allon waya Inna ba za ta ga bambanci ba, ni 720 ma nake tura wa ƙauye. Maganar baki da murya kuwa, waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya, tana hawa tana sauka, wasu manhajojin sai su rikice. Ka bi da shi ta HandBrake ka zaɓi Constant Framerate kafin ka fara, shikenan.

TAMBAYA: Yaya na ɗauki bikin 'yar baffana a istiraha, wato gidan taron biki, ɓangaren mata, na haɗa shi yayi kyau sosai wlh, zan sa a TikTok gwaggo ta hana wai sai an tambayi kowa. Ba yadda zan rufe fuskoki in saka abuna? Daga ƙanwarka, Jidda.

AMSA: Ƙanwata gwaggo ta fi ki gaskiya. Rufe fuska ana yi, CapCut da Shotcut duk suna dusasar da wuri, amma mace ana gane ta da leshinta da muryarta da rawarta, kuma fuska 40 masu motsi sai kin manta ɗaya. Ba banza ake karɓe wayoyi a ƙofar ɓangaren mata a bukukuwa da yawa a ƙasar nan ba. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta ce wanda ya keta sirrin mutane da kamarar waya ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000 ko duka biyun, mu kuma da muke zaune da igama, takardar izinin zama, kin san abin da zuwa gaban shurɗa, wato 'yansanda, ke jawowa. Ki yi guda biyu. Cikakken ki ba amarya a filash ta ajiye abinta, na TikTok kuma ki sa lalle, kayan lefe, adon wuri, abinci, da wanda ya ce miki ya yarda da bakinsa.

TAMBAYA: Malam ina ɗaukar Babanmu yana ba da tarihi da Hausa, ƙannena haifaffun nan ba sa jin ta sosai, ina so in sa musu fassarar Larabci a ƙasa, amma haruffan sai su rarrabu su juya baya. Na Hausa kuma ƙ da ɗ akwati suke zama. Daga wani bawan Allah, Makka.

AMSA: Ciwo biyu ne daban. Akwatin nan samfurin haruffan da ka zaɓa ne ba shi da ƙ ɗ ɓ, ka canza zuwa Noto Sans ko Andika, duk kyauta ne, a waya kuma Gboard yana da allon Hausa, kar ka haƙura ka rubuta kasa a wajen ƙasa. Na Larabcin kuwa manhajar ce ba ta san rubutu daga dama ba. Hanya mai sauƙi, kar ka ƙona rubutun a jikin bidiyo, ka rubuta shi daban a Subtitle Edit ka fitar da fayil ɗin SRT, ka ba shi suna iri ɗaya da bidiyon a jaka ɗaya, VLC zai ɗauko shi da kansa, YouTube ma yana karɓa. Ka yi biyu, na Larabci da na Hausa, sati na farko ka kunna musu na Larabci, in sun san labarin sai ka sauya zuwa na Hausar ba tare da ka faɗa musu ba, layi biyu kawai a allo kar ya wuce, don Baba in ya ɗauko zancen zamanin da ba ya tsayawa numfashi.